Faɗin Ɗakin Baba

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mama da ƙannena suna gaishe ka.

Wasiƙarka ta iso, amma gandiroban da ke karanta wasiƙun gidan yarin ya bi duk lissafin ya shafe da baƙin alƙalami. Wai x da alamomin bakan nan na lissafi maganar sirri ce. Na yi dariya, daga baya na yi kuka. Jarrabawa ta matso, kuma lissafin nan mai x sau x ya ƙi shiga kaina. Tunda aka tafi da kai babu mai zaunar da ni. Mama kullum cewa take, tunda ka ce ɗakinka da faɗi da iska, hankalinta a kwance yake.

'Yarka.

Uwata,

Na amsa gaisuwa. Shekara da shekaru ina koyar da lissafi, sai yanzu na samu ɗalibin da yake tsoron x har ya kashe ta. To, mu bi ta baka, ba alama ko ɗaya.

Wani ɗaki ne, tsawonsa ya fi faɗinsa da taku ɗaya. In kin ninka tsawon da faɗin, shida ne. Kira faɗin da sunan harafin nan, kwashe komai gefe ɗaya har ɗaya gefen ya zama sifili. Sai ki nemi lambobi biyu da ninkinsu shida ne, bambancinsu ɗaya. Amsa biyu ce. Na san halinki, kina samun ɗaya kike ajiye alƙalami. Na auna da ƙafata, ba kuskure.

Mahaifinki.

Baba,

Bayan gaisuwa, lissafin ya fita. Faɗi taku biyu, tsawo uku. Murna ta sa na tashi na taka shi a ɗakin girki, daga murhu ban ma kai bakin ƙofa ba. Sai na koma kan "na auna da ƙafata". Baba, a nan kake kwana? Raina ya ɓaci, na kasa cin abinci.

'Yarka.

Uwata,

Daidai ne, kin iya. Amma ina amsa ta biyu, uku ƙasa da sifili? Rubuta ta tukuna kafin ki jefar, don kada su rage miki maki.

Kada mamanki ta ga wannan aikin.

Mahaifinki.