Faya-fayan da ke rataye a lambu

Baba,

Motar Agadas da zan shiga za ta tashi kafin ku dawo daga masallaci.

Faya-fayanku ba su mutu ba. Shekaranjiya da ordinatar, wato kwamfutar, ta ƙi rubuta sababbin hotuna a kansu, ta ƙi ma buɗe su, na ce muku duk sun lalace. Ban bincika ba, kunyar cewa ban sani ba ce ta kama ni. Ɗazu na ga ƙura ce ta rufe ɗan gilashin da ke karanta faifai. Na goge shi da auduga, na gwada ɗayan da ya rage, ya rubutu lafiya lau.

Don Allah ku karɓo sauran yau daga lambun Malam Ramalan, inda ya rataye su don korar tsuntsaye, kafin rana ta ƙona su. Mai jan rubutun nan shi kaɗai ke da hotunanku da marigayi Kawu Fatahu a bakin ramin ma'adini. Na ga yadda kuka daɗe kuna juya shi kafin ku miƙa masa, na kuwa bari ya tafi da shi.

In ya tambaya, ku ce 'yarku mai digirin lisans ɗin ce ta yi kuskure. Ku gafarce ni.

Siddiƙa