Shanun Ardo Datti da Akwatin da Aka Lulluɓe

Ƙungiyar Manoman Rani da Makiyayan Bakin Kanal,
Bunkure.
Litinin, 14 ga Maris, 1983.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Rigakafin Dabbobi na Shiyya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: LALATACCIYAR ALLURAR BUSHIYA DA AKA YI WA GARKEN ARDO DATTI, DA RAHOTON DA YA RUFE GASKIYAR

Bayan gaisuwa da ladabin da ya dace, ana rubuta wannan takarda ne a madadin Ardo Datti, makiyayin da ya shekara goma sha tara a rugar da ke yamma da babbar hanyar ruwa. Shanu 213 suka rage masa. A takardunku an yi musu rigakafi. A zahiri ba a yi ba.

1. Ranar Talata, 8 ga Fabrairu, Ardo ya tara shanu 260 tun da hantsi, bayan ya sha fama da 'yan'uwansa masu tsoron allurar gwamnati. Ayarin masu allura ya iso da azahar, ƙarƙashin jagorancin Alhaji Uba, mai duba aiki. Abin da Ardo ya fara gani a bayan mota shi ne wani ƙunshi: buhu biyu da bargo, an ɗaure da roba tamau, wayar batir kaɗai ta leƙo. A cikinsa akwatin sanyaya magani yake.

2. Malam Baballe, mai allura, shekararsa goma sha huɗu yana wannan aiki, ya shaida cewa tun a Kura ya roƙi kada a rufe akwatin. Amsar da ya samu ita ce: "Kai Baballe, gidanmu ƙanƙara muke sayarwa tun kana goye. Kai za ka koya mini ajiye sanyi?" Ba a musun cewa gidan su Alhaji sun iya ƙanƙara. Buhu da dusar katako suna tare mata zafin waje, shi ya sa take wuni a tasha. Sai dai wannan akwati ba ƙanƙara ba ne.

3. Da izinin Mai Girma, ga abin da takardar akwatin ta bayyana. Ba ya ƙirƙirar sanyi. Wani ɗan faranti ne a jikinsa, idan wutar batir ta ratsa shi sai ya riƙa jan zafi daga ciki yana turawa waje, ta haƙoran ƙarfen da ke bayansa, fanka tana kore shi. Zafin da yake fitarwa ya fi wanda ya jawo, domin wutar batirin ma zafi take komawa. Zafi kuwa ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa, kuma kullum daga mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi. Wanda ya toshe masa ƙofar fita ya mayar da shi kan maganin. Kowane manomin da ke nan ya san abin da ke faruwa idan aka bar injin ban ruwa yana aiki aka toshe bakin tiyo.

4. Da aka kwance bargon, Ardo ya kai hannu bayan akwatin ya janye da sauri. Ma'aunin zafin da ke ciki ya nuna digiri 38, alhali maganin ba ya jure abin da ya wuce takwas. Malam Baballe ya rubuta wannan a littafinsa, ya ce ba zai soka wa dabbar kowa ruwan banza ba. Alhaji Uba ya karɓe sirinjin ya fara sokawa da kansa. Da Ardo ya tambaya ko lafiya, sai aka ce masa: "Ardo, tsaya a kan nagge, ka bar mana boko." Ardo ya yi shiru ya riƙe ƙaho, har aka gama 260. Wannan shirun ne yake cinsa yau.

5. Ranar 1 ga Maris cutar bushiya ta shiga garken. Zuwa jiya an binne 47.

6. Rahoton Alhaji Uba na 3 ga Maris ya ce maganin lafiyarsa lau lokacin allura, ragowar ce ta lalace daga baya saboda Malam Baballe ya bar batir ya mutu. A kan haka aka dakatar da Malam Baballe. Ranka ya daɗe, wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta ba. Iskar ranar digiri 29 ce, motar buɗaɗɗiya ce mai rumfa, kuma a inuwar tsamiya ta tsaya. Akwatin da batirinsa ya mutu iyakarsa ya yi daidai da iskar da ke kewaye da shi. Ba shi da inda zai samo ƙarin digiri tara. Zafin nan da kansa shaida ne cewa batirin na aiki, farantin na turo zafi, bargon Alhaji na mayarwa. Rahoton bai ambaci bargo ko sau ɗaya ba, bai kuma ce me ya kashe shanun da aka yi wa allura mai kyau ba.

7. Duk saniyar da aka yi wa allura an huda mata kunne, kamar yadda doka ta tanada. Ayari na biyu zai zo ranar 21 ga wata, kuma umarninsa shi ne ya tsallake duk mai hudajjen kunne. Ardo ya je ofis sau biyu a kan wannan. Na farko aka ce ya dawo. Na biyu aka nuna masa rahoton, wanda ba ya iya karantawa.

Saboda haka ana roƙon Mai Girma:

(a) Ya ba da umarni a rubuce cewa a sake yi wa shanun nan 213 allura kafin ranar 21, ba tare da duba kunne ba, da magani daga akwatin da bayansa ke shan iska.

(b) A kawo akwatin gaban kwamiti, a lulluɓe shi awa biyu babu batir, a sake awa biyu da batir, a karanta ma'auni. Ana so Alhaji Uba ya ɗaura bargon da hannunsa, tunda shi ya iya.

(c) A janye rahoton, a mayar da Malam Baballe bakin aikinsa.

Ardo bai nemi diyyar waɗanda suka mutu ba, ya ce wannan tsakaninsa da Allah ne. Na rayen yake nema. Idan kwamiti ya ga ya fi dacewa a jira zaman wata mai zuwa, yana roƙon a taimaka a aiko masa da majiya ƙarfi huɗu da diga, domin shi da 'yan'uwansa hannuwansu sun gaji da haƙa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka cikin biyayya,

Sada Iliyasu,
Sakataren Ƙungiya.

Dangwalen yatsa: Ardo Datti.
Shaida: Malam Baballe.