Fuskar da Ban Gani Ba

Diffa, Laraba 8 ga Janairu

Zuwa ga Yayata Baturiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Yaya Abdullatif da ƴar jaririyarmu. Ya sanyin Damagaram?

Yaya, na san Baffa Lurwanu ya kira ki ya ce Baba ya ɗan ji ciwo. Ba kaɗan ba ne. Kin san halina, ba na iya magana a waya ana kallona, shi ya sa na yagi takarda cikin littafin karatuna na lakwal. Malam Tahiru direba zai kawo miki, gobe zai loda tattasai zuwa wajenku.

Shekaranjiya Litinin na kai wa Baba abinci gona, can bayan Gagamari kusa da kogi. An yi azahar. Ina cikin rumfar da ake tara buhuna ina dama masa fura, sai na ji takun mutane da wata murya da ban sani ba. Na kwanta bayan buhuna. Ta ƙasan zana nake leƙe. Mutum uku ne, kuma ƙafafunsu kawai na gani, biyu da takalman roba, ɗaya da baƙin takalmi mai igiya. Ban ga fuskar ko ɗaya ba, wallahi ko kaina na kasa ɗagawa. Na ji Baba yana roƙonsu su bar masa injin ban ruwa, tattasai bai gama nuna ba. Sai na ji wata ƙara kamar an fasa ƙwarya. Daga nan shiru.

Sun tafi da injin. Ni kuwa na kasa tashi. Na jiƙa zanena, don Allah kar ki faɗa wa kowa.

Bunu ne ya zo. Ba ki san shi ba, wani Babarbare ne ɗan gudun hijira da ya baro sansanin Sayam da matarsa Yakaka, yana yi mana tsinkar tattasai. Yana can ƙarshen gona yana buɗe wa ruwa hanya. Ya rugo ba takalmi, taɓo har gwiwa, yana salati. Ya cire rigarsa ya ɗaure wa Baba kai, jini ya ɓata masa hannu duka biyu. Ya waiwayo ya gan ni ya ce in fito sun tafi. Shi ya goya Baba har bakin hanya, sannan muka samu amalanke.

Yau kwana biyu Baba yana kwance a gadon likita bai farka ba. Yana numfashi, jikinsa da ɗumi, amma Inna ta kira shi ta kira shi ko motsi. Lokotoron da ke duba shi ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta jijjiga, wai mai yiwuwa yana jin mu, mai yiwuwa ba ya ji. Yaya, in mutum yana numfashi amma ba ya nan, ina yake? Ina jin tsoron taɓa shi, kuma ina jin tsoron barin ɗakin.

Ki yi ta addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Ikhlas

Diffa, Talata 21 ga Janairu

Yaya Baturiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiyarku lau, kuma yarinya ta daina tarin nan.

Kin ji Baba ya farka, alhamdu lillahi. Ya gane mu duka, har ya tambayi ko an shanya tattasan da aka tsinka. Amma ranar nan ta ɓace masa gaba ɗaya. Abu na ƙarshe da ya tuna shi ne tuwon da muka ci ranar Lahadi. Bai san ma ya je gona ba. Lokotoro ya ce haka ake yi, abin da ya faru dab da bugun bai samu ya zauna a kai ba, kuma kar mu matsa masa don ba zai dawo ba.

To ni kaɗai na rage. Tun daga ranar kowa ni yake tambaya. Mata su shigo gaishe da Inna su zagaye ni. Baffa kuwa kullum bayan la'asar sai ya zaunar da ni a zaure. Ya ce wa ya san inda ake ajiye injin? Wa ya san Baba shi kaɗai ne a wannan lokacin? Yaya aka yi Bunu ya iso da wuri haka? Ya ce, "Rufe idonki, Ikhlas, ki tuna da kyau. Ba dogo ba ne? Ba shi da tsaga a kumatu?" Ina cewa ban sani ba, sai ya ce tsoro ne ya rufe min ido, in na daure zai buɗe.

Yaya, ya buɗe. Ranar Juma'a ina wanke-wanke, kawai sai na gan shi kamar yana tsaye a gabana. Bunu ne. Yana tsaye a kan Baba da sanda, hannunsa duk jini, sannan ya waiwayo ya dube ni. Har tsagarsa na gani, har haƙorinsa da ya karye. Kwano ya faɗi daga hannuna. Na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Baffa.

Washegari Baffa ya kai ni wajen jandarma. Kumandansu ya matso da kujerarsa. Na faɗi abin da na gani, suka rubuta, na sa hannu. A ranar suka kama shi. Ya yi ta rantsuwa wai daga baya ya zo, amma Baffa ya ce ai dama haka suke yi, su buge ka su dawo su ɗauke ka.

Kowa yana cewa na yi jarumta. Ni ba na jin haka. Yakaka tana zuwa kullum ta zauna ƙofar gidanmu da ɗanta a baya. Ba ta zagi, ba ta kuka. Jiya na fita zubar da shara ta ce min da Hausarta ta Barebari, "Ikilas, ke ya gani? Da ido naki?" Na ce e, na ruga cikin gida. Tun jiya ban sake fita ba.

Mutumin da na sha ba shi fura da hannuna. Tsoron mutane nake ji yanzu, Yaya, dukansu.

Ki gaida Yaya Abdullatif.

Taki,
Ikhlas

Diffa, Juma'a 31 ga Janairu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya.

Malam Tahiru ya ba ni ambulan ɗinki ranar Laraba. Na ga wasiƙata ta farko a ciki, da layin da kika ja ƙarƙashin wasu wurare, da abin da kika rubuta a baya, in karanta in gaya miki wacce ce gaskiya. Na karanta sau biyar. Rubutuna ne, har da inda tawada ta ɗiga. Amma Yaya, ban tuna na rubuta haka ba. Na rubuta ban ga fuska ba. Na rubuta Bunu ba shi da takalmi, su kuwa duk da takalma. To wane ne nake gani da sanda in na rufe ido?

Na ɗauka hauka ce ta kama ni, ko wani abu ya shige ni a bakin kogi. Kwana biyu ban ci abinci ba.

Jiya na raka Baba likita a canza masa bandeji. Akwai wata mata a can, Madam Hauwa, aikinta zama da mutanen da suka ga abin firgita. Ta taɓa cewa in zo mu yi hira na ƙi. Jiya ta same ni ina kuka bayan ɗakin magani. Na kasa magana, sai na miƙa mata takardar. Da ta karanta na samu bakin faɗa mata sauran.

Ba ta yi min faɗa ba. Ta ciro wayarta ta nuna min hoton kasuwa na ɗan lokaci, ta kife. Ta yi min tambayoyi, mutum nawa, me ake sayarwa. Sannan ta ce akuyar da ke kusa da mai albasa, fara ce ko baƙa? Na yi tunani na ce fara, da igiya a wuya. Ta buɗe hoton. Yaya, babu akuya. Ko ɗaya babu. Kuma na gan ta!

Ta ce ba hauka ba ce, kowa haka kansa yake, har ita. Wai tunawa ba kamar hoton waya ba ce da za ka buɗe ka tarar da shi yadda ka bar shi. Ta fi kama da kitso, duk lokacin da aka tsefe aka sake, ba ya fitowa daidai da na farko, kuma mai yi tana iya ƙara gashin da ba naka ba. Ta ce fuskar Bunu gaskiya ce, jinin hannunsa gaskiya ne, waiwayen ma gaskiya ne, amma duk na bayan tafiyarsu ne. Kaina ne ya ɗauko su ya liƙa a gurbin da babu komai, saboda an yi ta tambayata ana nuna min abin da zan gani. Ta ce abin da na rubuta bayan kwana biyu, tun kafin a fara zaunar da ni, ya fi kusa da abin da ya faru.

Na tambaye ta ko hoton zai goge yanzu da na sani. Ta ce mai yiwuwa ba zai goge ba.

Ga abin da ya fi tayar min da hankali. An ce ranar Litinin za a wuce da Bunu Yamai tare da waɗanda ake zargi da hulɗa da mutanen daji masu bindiga. In ya tafi can, Allah kaɗai ya san ranar dawowa. Ba su da wata shaida sai maganata.

Na nuna wa Baffa takardar da safen nan. Ya ce ke kina Damagaram kina shan shayi za ki koya masa sanin mutane? Ya ce in na je na canza magana ni za a rufe don na yi wa hukuma ƙarya, kuma gidanmu ya zama abin dariya. Baba ba a gaya masa ba don kar kansa ya motsa.

Yaya, ina tsoron Baffa, ina tsoron jandarma, ina tsoron idon Yakaka. Wanda na fi tsoro shi ne kaina, don har yanzu yana ce min Bunu ne. Madam Hauwa ta ce in na yarda za ta raka ni gobe. Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Takardar tana ɗaure a bakin zanena.

Ki sa ni a addu'a.

Ikhlas

Diffa, Lahadi 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da maigida da yarinya. Mu nan da sauƙi.

Na je. Inna ce ta ɗauki mayafinta ranar Asabar ɗin ta ce in tashi in raka ta kasuwa, amma da muka fita sai ta nufi likita wajen Madam Hauwa. Mu uku muka tafi.

Kumandan ya ce in karanta da bakina. Na karanta ina tsayawa, har wurin da na jiƙa zanena, don na ji tsoron tsallake ko layi ɗaya. Da na gama ya tambaye ni, to yanzu wa kika gani? Na ce, "Ranka ya daɗe, in na rufe ido shi nake gani. Amma ranar ban ga kowa ba. Ku yarda da takardar, kar ku yarda da ni." Madam ta yi masa bayani da Faransanci. Suka aika aka kira Malam Tahiru daga tasha, ya rantse shi ya kai miki wasiƙar tun Baba bai farka ba. Ba su rufe ni ba. Kumandan ya ce dai nan gaba in ban sani ba in tsaya a kan ban sani ba, ko wa ya matsa min.

Ba a tafi da Bunu ba. Ranar Laraba aka sake shi. Baffa ba ya amsa gaisuwata, ya ce har gobe shi bai yarda ba.

Shekaranjiya Bunu ya zo da Yakaka yi wa Baba sallama, za su koma Sayam, ya ce ba zai iya aiki inda ake nuna shi da baki ba. Ya rame sosai. Inna ta ce in kai musu ruwa. Na durƙusa, rabin ruwan ya zube a ƙasa, na ce su yafe min amma ban san ko sun ji ba. Yakaka ta kau da kai. Bunu ya karɓi kofin ya ce, "Yarinya, fura naka ya fi ruwa daɗi, amma kawo." Na dubi hannunsa, Yaya, kofi ne kawai a ciki, amma kaina yana ta nuna min sanda. Na ci gaba da kallon kofin har ya shanye.

Bayan sun tafi Baba ya ce a gaya masa abin da ake ɓoye masa. Inna ta ce in ɗauko takardar, don kumandan ya sa an kwafa ya maido min. Na karanta masa. Da na zo inda Bunu ya goya shi, sai ya sa hannu ya shafa bandejinsa, hawaye na zuba. Ya aika a bi su tasha amma motarsu ta riga ta tashi. Ya ce da zarar ya iya shiga mota zai je Sayam da kansa, kuma ni zan raka shi.

Sannan ya ce in sake karanta masa daga farko, a hankali. Ya ce shi ba shi da wannan ranar sai wadda na rubuta. Na ce Baba, ni ma ita kaɗai gare ni.

Don Allah sauran wasiƙuna ki adana su inda ruwa ba zai taɓa ba, har da ta biyun. Ina so wata rana in ga yadda na rantse a kan abin da ban gani ba.

Inna da Baba suna gaishe ki. Ki sumbaci yarinya.

Ƙanwarki mai kewarki,
Ikhlas