Abin da Na Tarar a Gefen Littafin Lissafinki

Narayi, Kaduna

Zuwa ga Yayata Hadassah,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina lafiya, ke da Yaya Sylvanus da ɗanmu George. Allah ya ci gaba da tsare ku a Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke tashi idan an yi ruwa. Mama kuwa ta koma waƙa a zumuntar mata ta coci, gidan nan ba ya shiru.

Yaya, maganar nan ba zan iya faɗar ta a waya ba, kin san nauyin bakina. A hutun da ya wuce na karance littattafan soyayyar da kika bari a akwatin ƙarƙashin gado, har wanda ba shi da bango. Ina laluben ko akwai saura, sai na ci karo da littafin lissafinki na aji shida na sakandare. Ki yafe mini, na buɗe. A gefen kowane shafi ga rubutu da jan biro, ba hannunki ba. Wani yana ce miki kin ɓata layi na uku, amma murmushinki ba ya buƙatar gyara. Ke kuma kin amsa da fensir cewa ya je ya yi aski tukuna kafin ya gyara wa mutane aiki. Wallahi na kasa ajiyewa! Sai dai ba a gane faɗanku sai an gane lissafin, shi ya sa na riƙa yin kowace tambaya don in san wa ke da gaskiya. Ke sau tara, shi sau goma sha huɗu. Kada ki gaya masa.

Da aka koma makaranta, malaminmu na lissafi, Malam Zakariyya'u, ya rubuta tambayar 'yan aji shida a allo don ya tsorata mu. Na yi ta a bayan littafina. Ƙawata Lizzy ce ta fizge ta kai masa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Juma'a uku a jere yana gwada ni. Yanzu ya ce in bar lissafin aji biyar, in riƙa zama da 'yan aji shida, in gwada jarrabawar GCE ta bana. Yana son amsa kafin ƙarshen wata, kada a rufe rajista.

Baba ya ce sauri ya haifi nawa, wanda ya tsallake matakala da haƙori yake sauka. Mama ta ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Daga ƙarshe Baba ya ce ke ce mai boko a gidan nan, abin da kika yanke shi za a yi. Ina jin tsoron manyan nan 'yan aji shida, Yaya, amma ina so. Don Allah ki kira Baba ranar Lahadi bayan sujada, lokacin ransa a sanyaye yake.

Roƙo na biyu: littafin ya ƙare a tsakiyar zango na biyu, Mama ta ce ɗayan ya bi ki cikin kayan aure. Ki aiko mini da shi ta motar Kaduna. Kada ki ji kunya, ƙarshen labarin ai na san shi, ga George nan a bayanki. Ƙarshen lissafin ne ban sani ba.

Ki gaida Yaya Sylvanus mai jan biro, ki ce askin ya yi kyau. Mama da Baba suna gaisuwa, Lizzy ma haka.

Ƙanwarki mai jiran Lahadi,
Debby