Hannuna Ya Fara Rawa Wurin Kwaɓa Simintin Haƙori

Assalamu alaikum Malama. Don Allah ki taimake ni da shawara.

Ni mai taimaka wa likitan haƙori ce, a kan aikin na yi furfura. Cikin aikina har da kwaɓa simintin da ake liƙe saiwar haƙori da shi idan ta huje. Gari ne ɗan mitsitsi, bai fi cikin farce ba. A zuba a kan gilashi, a ɗiga masa ruwa, a murza har ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi. In ruwa ya yi yawa zai kama, amma ba ƙwari. Wani lokaci likita kan ce a ƙara wani magani don ya yi saurin daskarewa, shi ma in ya zarce, cinye ƙarfinsa yake yi. Kuma da an rufe haƙori, ba mai sake ganin kwaɓin sai Allah.

To Malama, hannuna na dama ya fara rawa. Wurin zura zare a allura na fara lura, na ce girma ne. Yanzu in na ɗaga kwalbar ruwan, ina nufin ɗigo ɗaya sai biyu su faɗo. Nakan zubar in sake, likita na jira, mutum na kwance baki buɗe. Har tsokanata likitan yake, wai Yaya ko bene za ki gina mana ne. In yi dariyar yaƙe.

Ban san na taɓa miƙa masa lalataccen kwaɓi ba, amma ba zan iya rantsewa ba. Kwanan baya wata mai goyo ta dawo, wai haƙorin da muka gyara yana mata zogi in ta tauna. Likita ya duba ya ce zai lafa. Ni kam ko salla na tayar, bakinta nake gani. Tun muna karatun allo aka tsoratar da mu kan tauye mudu, to ni da muduna ɗigo ne fa?

In na faɗa wa likita, ina tsoron a ce in je in huta, ga maigidana ya daɗe a kwance, aikin nan ne rufin asirinmu. Shi ma ban gaya masa ba, kada in ƙara masa ciwo. In kuma na yi shiru, haƙƙin mutane. Ina zan sa kaina?

Mai kwaɓi

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Tsoronki biyu duk suna kan hanya, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Aiki kan tafi wani ya zo. Wanda ya kwanta ya buɗe miki baki kuwa ba ya ganin hannunki, amana ya ba ki.

Batun mai goyo, ajiye shi. Wanda ya san aikin ya duba, kuma zogi bayan gyara ba baƙon abu ba ne. Kada waswasi ya ɗora miki laifin da ba ki da shaidarsa.

Ki fara zuwa asibiti a duba hannun. Rawar hannu na da dalilai da yawa, wasu magani kan kwantar da su. Daga nan ki samu likitan da kike wa aiki shi kaɗai, kafin a buɗe wa jama'a, ki ɗaga kwalbar a gabansa ya gani da idonsa. Akwai simintin da ke zuwa a aune, inji ya kaɗa shi, akwai kuma mai zuwa a kwaɓe. In ba su samu ba, wani ya riƙa ɗigawa, ke ki tsaya da ido, ai idon da ya san kwaɓi bai yi rawa ba.

Ba zan yi miki alkawarin ba za a taɓa aikinki ba. Amma gara ya ji daga bakinki da ya ji daga haƙorin wani. Maigida ma ki gaya masa, ciwo bai hana shi zama abokin shawararki ba.

Kafin nan, duk kwaɓin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, ki zubar, ko da likita zai yi ta tsokana. Allah Ya ba ku lafiya ke da maigidan, Ya rufa asiri.