Na Goge Sunanka Daga Tsohuwar Ordinater

Zuwa ga yayana Idrisu, a Malanbil.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da aikinka da mutanen da kake zaune cikinsu, ƙanwarka Hadiza ce daga Gaya. Na ce ƙanwarka ne don in tuna maka, tunda na ga sunan ya yi araha a bakinka. Na sa wasiƙar a shafina na sada zumunta saboda saƙon waya ba ka amsawa, amma a nan kullum ina ganinka.

Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kana can ƙetare, ni ina nan da tsohuwar ordinater, kwamfutar nan da ka bar mini a shago. Da ita nake buga wa mutane takardun neman aiki da na lekol, wato makaranta, da ita muke ci ni da Inna. Ta tsufa, Yaya. Sai in kunna ta, in share shago, in sha koko, in dawo in tarar ba ta gama farkawa ba. Ran Talata wani dattijo daga Tanda ya zauna jiran takardar 'yarsa har ya gaji, ya karɓi abinsa ya tafi shagon gaba.

Sau uku na rubuto maka ina tambayar yadda zan yi. Shiru.

Sai ga bideyonka. Kana zaune kusa da Rakiya, yarinyar da ke aiki a sabon shagonku, kana koya mata yadda ake zaɓar wa tsohuwar na'ura sistem marar nauyi, wato manhajar da ke tafiyar da ita, irin ƙananan Linux ɗin nan. Kana ta ce mata "ƙanwata". Kishi na ji, ba zan ɓoye ba, har abinci ya fita raina. Ni lokacin da kake koya mini, da bik ɗin rubutu kake bugun yatsuna in na kuskure. Ita kuwa ta yi tambaya ɗaya sau uku, kana dariya kana maimaitawa.

Duk da haka sau biyar na kalla, ina harararta ina rubutawa a kaye, littafin rubutuna. Na ji ka ce mata, "Dubi ƙarfin na'ura kafin ki dubi kyan hoton da ke fitowa a ekaran." Wannan maganar tawa ce, a kan bencin shagonmu ka fara faɗa mini ita.

Na sauke sistem guda uku a kan kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa na'ura, na gwada kowanne ba tare da na girka ba, kamar yadda ka nuna mata. Na farko kyakkyawa ne, shi Rakiya ta zaɓa, amma tawa da ƙwaƙwalwarta giga biyu ce kacal sai nishi take. Na biyu gudu kamar me, sai dai bai san na'urar buga takarda ba, to me zan yi da shi? Na uku ba shi da ado ko kaɗan, amma ya buɗe takarda nan take ya buga. Shi na ɗauka.

Wurin girkawa ne na tsaya. Ya tambaye ni ko zai zauna tare da tsohon, ko in goge komai. Wuri bai isa biyu ba. A tsohon kuwa, duk safiya sunanka ne ke fara fitowa, da hotonka a bakin kogi da hular nan da ba ta dace da kai ba. Na kwashe takardun mutane da hotunan, na zauna hannuna a kan maɓalli har aka kira azahar. Sannan na danna, na goge komai.

Yanzu tana tashi kafin in ajiye tsintsiya. Da sabon sistem ya nemi suna, nawa na sa, Hadiza, da manyan baƙaƙe. Ka gaya wa Rakiya na iya ba tare da an maimaita mini ba.

Allah ya tsare ka, ya buɗe mana gadar nan, ya sa ka tuna wadda kuka sha nono ɗaya. Inna na gaishe ka. Kod ɗin sirri na shiga na'urar ban canza ba, wanda ka sa tun farko shi na sake sa wa sabon, ranar da ka dawo ba sai ka tambayi kowa ba.

Taka, ta ainihi,
Hadiza