Rawar da Kika Ƙi

Zuwa ga Honora, farin furen shingen Aldercote, rana ta farko bayan dogon hunturu, sanyin idona kuma ciwon zuciyata,

Na san al'ada ba ta ba ni bakin kiran sunanki ba, balle in rubuto miki takarda alhali babu baiko tsakaninmu. Na sani sarai, kuma na take. Mutumin da barci ya ƙaurace masa tun ranar rawa ba ya tsayawa neman izini. In mahaifiyarki ta riga ki buɗe wannan takarda, to ina gaishe ta, ta karanta ta ƙoshi.

Honora, me kika yi mini? Ko kuwa me kika yi domina? Tambayar ke nan da ke cina tsaye da zaune, kuma duk faɗin Ingila ke kaɗai ke da amsarta.

Kin tuna lambun limamin coci a farkon bazara, ranar da ƙudan zumansa suka yi ƙaura suka cika sama? Manyan mata suka watse suna ihu, wata har da yar da laima. Ke kuwa, 'yar gidan Pelling mai tsohon suna, kika fizge kasko daga hannun kuku, kika karɓi makullin da na miƙa miki, kika shiga bugawa kina dariya har zuman suka sauka a reshen tuffa. Da kika dawo mini da makullin, yatsunki suka daɗe a tafina fiye da yadda ya kamata, kika ce, “Ashe ɗan mai kyandir ba ya gudu.” Wayyo wannan murya! Tun daga ranar ban ƙara cin zuma ban ji ta a kunnena ba.

Da ƙarfin wannan rana na ratsa zauren rawa na zo gabanki. Kin ga yadda wuri ya yi tsit. Kin kuma ji mahaifiyarki, don ba ta yi niyyar ɓoyewa ba, ta ɗaga mafici ta ce wa maƙwabciyarta, “Oh ni! Warin kitsen nan daga ina? Yanzu har masu narka shi su yi kyandir ake bari su tako tsakar zaure?” Na haɗiye, na rusuna, na roƙe ki rawa. Kika dube ni ido cikin ido kika ce, “Na gode, yau ba na rawa.” Na koma bakin bango, dariyar samarin manyan gida na bina a baya.

Gari duka ya yanke hukunci, wai kin nuna mini matsayina. Mahaifina ya ce, “Amos, rabu da su. Suna ne kawai ya rage musu, rufin gidansu ma yoyo yake.” Ƙanwata Tabitha ta fi shi zafi: “Yaya, yarinya ta zubar da kai gaban jama'a, kai kana nan kana ba mu labarin yadda ƙafarta ke motsi!”

To ai na ga ƙafar taki ne, ya zan yi da idona? Kowa ya san dokar zaure: budurwar da ta ƙi wani ba ta da ikon tashi da kowa har a watse. Kin fi ni saninta. Kuma kin san wanda ke tafe a bayana, Gervase Mallory, magajin babban gidan Elmstow, wanda mahaifiyarki ta ɗinka miki sabuwar riga dominsa. Ya iso yana ƙamshin turare, ya miƙo hannu, kika ce masa cikin ladabi, “Ranka ya daɗe, na riga na ce ba na rawa. Ba ka so in karya al'ada, ko?” Haka kika zauna har ƙarshe, ke da duk Aldercote ta san ba ki iya jin goge ki zauna. Ƙafarki na bin kiɗa a ƙarƙashin riga, mahaifiyarki kuwa kamar ta fashe.

Shin ni kika ƙi, ko da ni kika rufe masa ƙofa? Idan na farin ne, me ya sa idonki bai sauka daga nawa ba? Idan na biyun ne, ya ke tauraruwar asubata, ashe babu wata hanya sai wadda za ki bi ta kan mutuncina? Da safe nakan ce kina sona, kin saya mana lokaci da abin da ke hannunki. Kafin yamma sai girman kaina ya tashi ya ce ƙarya nake wa raina. Ina da girman kai, Honora, ba na ɓoyewa. Ba na jin kunyar kitse, shi ya ciyar da ni, ya kai ni makaranta. Ba zan tsaya ina wanke hannu a ƙofar kowa kafin a yarda ni mutum ne ba. Amma ina sonki son da ya fi girman kan nan ƙarfi, kuma wannan shi ke ba ni tsoro.

Lokaci ya ƙure mana. An ce Mallory zai ga mahaifinki cikin makon gobe. Ni kuma kawuna na nemana a birnin Hull in kama masa aiki, keken doki zai tashi ranar Litinin. Ba zan zauna in ji ana buga ƙararrawar aurenki ba, wannan kam ya fi ƙarfina.

Ba na neman ki rubuto, na san abin da takarda za ta jawo miki. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Lahadi, in an fito daga coci, zan tsaya a bakin ƙofar shinge inda kowa zai bi. Namiji ba ya gaida mace a hanya sai ta fara sunkuyar masa da kai, don haka bakina a ɗaure yake, komai na hannunki. Ki sunkuyar mini da kai a gaban mahaifiyarki, a gaban Mallory, a gaban duk masu dariya, ni kuma kafin rana ta faɗi ina ɗakin mahaifinki ina neman aurenki, ko da kare zai sa a kore ni. Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne, domin ke za ki koma gida da su, ba ni ba.

In kuwa kika wuce kina kallon gaba, ba za ki ji mummunar kalma daga gare ni ba, yau ko gobe. Zan cire hulata in gaishe ki duk da haka, ko da bayanki kawai zan cire wa, gari ya yi dariyarsa ta biyu. Sannan in tafi, kuma babu wata mace a Hull ko bayan teku da zan ƙara miƙa wa hannu.

Naki, ko kin dube ni ko ba ki duba ba, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Amos Tunstall